Ƙirƙirarriyar basira

Ƙirƙirarriyar basira, wadda yawancin mutane ke ce wa AI kawai, reshe ne na ilimin kwamfuta da ke ƙoƙarin sa na'ura ta yi aikin da a da sai mai hankali ke iyawa, irin su gane fuska a hoto, fassara, amsa tambaya, tuƙa mota ko rubuta wasiƙa. Wasu kuma basirar na'ura suke ce mata. Ma'anar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, don abin da ake yi wa kallon AI bana, da an saba da shi sai a ce ai manhaja ce kawai, haka aka yi da na'urar karanta rubutu da taswirar da ke nuna hanya a waya.

Asali

Masu bin diddigi sukan kai abin har Bagadaza, wajen Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Baitul Hikma a farkon ƙarni na 9. Daga sunansa aka samo kalmar algoridim, wato jerin matakan da in aka bi su ɗaya bayan ɗaya za a kai ga amsa ko da mai bin bai gane dalili ba. Akan ambaci al-Jazari ma, wanda a wajen 1206 ya yi bayanin agogunan ruwa da mutum-mutumi masu motsi da kansu, amma dai nasa ƙira ce ta ƙarfe da ruwa, babu batun tunani a ciki.

A Ingila Charles Babbage ya zana wata na'urar lissafi a wajajen 1837 wadda har ya mutu ba a gina ta ba, sai Ada Lovelace ta yi mata sharhi a 1843, ta ce na'urar za ta iya duk abin da aka san yadda za a umarce ta, amma ba za ta ƙirƙiro komai daga kanta ba. Wannan magana har yau ita ake juyawa.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan nan, a 1950, Alan Turing ya ce a bar jayayya kan ko na'ura tana tunani, tambayar ba ta da kai. Ya kawo gwaji: a zaunar da alƙali yana musayar rubutu da ɓangare biyu da ba ya gani, ɗaya mutum ɗaya na'ura, in ya kasa bambancewa to na'urar ta ci. Turing ya rasu a 1954, bai ma ji sunan da aka raɗa wa fannin ba, domin sunan ya fito ne a takardar neman kuɗi da John McCarthy da Marvin Minsky da Claude Shannon da Nathaniel Rochester suka rubuta a 1955, don taron da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. Abin da suka nema shi ne mutum 10 su zauna wata 2, kuma suna ganin hakan ya isa a ci ƙarfin matsalar.

Alkawari da cikawa

Tarihin fannin nan kusan duk haka yake, a cika baki, kuɗi su shigo, a kasa cikawa, kuɗi su ƙafe. A 1954 kamfanin IBM da jami'ar Georgetown suka nuna kwamfuta tana fassara jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Ingilishi, da kalmomi 250 da ƙa'idojin nahawu 6 kacal, aka ce nan da shekara 3 zuwa 5 an gama da matsalar fassara. A 1966 kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa ya duba ya ce fassarar mutum ta fi sauri, ta fi arha, ta fi kyau, nan take aka tsuke bakin aljihu. Birtaniya ma ta yi nata bayan rahoton James Lighthill na 1973. Masu harkar suna kiran irin wannan lokaci hunturu, kuma an yi shi sau biyu, na biyun a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da kasuwar manhajojin da ake cusa wa ilimin ƙwararru ta faɗi.

A tsakiyar wannan ne aka yi ELIZA, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya fito da ita a 1966, ƙaramar manhaja ce da ke kwaikwayon likitan damuwa, ba ta fahimtar komai, kalma take kamawa ta juya maka maganarka ta zama tambaya. In ka rubuta cewa mahaifiyarka ta ɓata maka rai sai ta ce ba ni labarin danginka, in ta rasa abin kamawa sai ta ce ci gaba ina jinka. Sakatariyarsa, wadda ta yi watanni tana ganin yadda yake haɗa abin kuma ta san sarai manhaja ce, ta zauna ta fara hira da ita, ba a jima ba ta roƙe shi ya ɗan fita daga ɗakin. Abin ya tayar masa da hankali sosai, har ya ƙare rayuwarsa yana sukar fannin da ya taimaka aka gina. Sunan ELIZA yanzu shi ake ba wa wannan hali na ɗan Adam, na ganin hankali da tausayi a inda kalmomi ne kawai aka jera.

Daga ƙa'ida zuwa koyo

Hanya biyu aka yi ta bi tun farko. Ɗaya a rubuta wa na'ura ƙa'idoji da hannu, ɗaya kuma a ƙera abin da ya ɗan kwaikwayi jijiyoyin ƙwaƙwalwa a yi ta nuna masa misalai, in ya yi kuskure a gyara lambobin cikinsa kaɗan, a sake, har ya kama. Frank Rosenblatt ya gwada ta biyun a wajen 1958, aka yi watsi da ita, Geoffrey Hinton da abokansa suka farfaɗo da ita a 1986, nan ma ba ta yi nisa ba saboda kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi kuma babu isassun misalai.

Kwamfutar Deep Blue ta IBM da ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a darar chess a watan Mayun 1997 ta hanyar farko ce, ƙarfin lissafi ne zalla, tana duba matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya. Juyin gaske ya zo a 2012, bayan Fei-Fei Li da tawagarta sun tara miliyoyin hotuna masu lakabi a rumbun ImageNet, sai ɗaliban Hinton biyu suka bi hanya ta biyu, suka shiga gasar gane hoto da katin hoto na kwamfuta guda 2 irin na 'yan gem, kuskurensu ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100 alhali na biye da su yana kan 26. Dabarar tsohuwa ce, intanet ce ta kawo bayanai, 'yan wasan bidiyo suka jawo aka ƙera injin.

A Maris 2016 manhajar AlphaGo ta doke gwani Lee Sedol na Koriya ta Kudu 4 da 1 a darar Go, kuma a wasa na biyu ta yi wani sakin dutse, na 37, da masu sharhi suka fara ɗauka kuskure ne. Lee ya bar wasan a 2019. A 2017 ma'aikatan Google 8 suka fitar da wani tsarin koyar da na'ura sarrafa rubutu mai suna transfoma, wanda a kansa aka gina manhajar hira ta ChatGPT da ta fito ranar 30 ga Nuwamba 2022, aka ƙiyasta ta samu masu amfani miliyan 100 cikin kamar wata 2. Ainihin aikin irin waɗannan shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bayan sun haɗiye rubutu mai yawan gaske.

A rayuwar yau

Yawancin mutane sun daɗe da ita ba su sani ba. Ita ke zaɓar bidiyon da zai biyo baya a TikTok da YouTube, ita ke tace saƙonnin banza a imel, ita ke buɗe waya da fuska, bankuna kuma na amfani da ita wajen kama zamba. Tasirinta a al'ada ya fi fitowa nan, tunda abin da mutum zai gani, waƙar da za ta yi tashe, har rigimar da za a kwana ana yi, duk akwai hannun algoridim ɗin da aka saita don ya riƙe ido a kan allo.

A kimiyya, manhajar AlphaFold ta yi hasashen siffar furotin, wato sinadaran gina jiki, sama da miliyan 200, kuma a 2024 kyautar Nobel ta kemistiri da ta fizik duka sun taɓo wannan fanni.

Makarantu na ta fama da aikin gida da manhaja ta rubuta.

Babban aibin manhajojin hira shi ne shaci-faɗi, su faɗi ƙarya da gaba gaɗi kamar gaskiya. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, ɗaya daga cikin lauyoyin ma sai da ya tambaye shi ko na gaske ne, ya ce masa e. Sai kuma muryoyi da bidiyon boge da 'yan damfara da 'yan siyasa suka samu.

Taƙaddama

Marubutan fim na Amurka sun yi yajin aikin kwana 148 a 2023, AI na cikin abin da suka yi dominsa. A Disambar shekarar jaridar New York Times ta maka kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da Microsoft a kotu kan haƙƙin mallaka. Mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Kenya da suka tace munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT an riƙa biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Cibiyoyin ajiyar bayanai, wato manyan ɗakunan kwamfutocin da irin waɗannan manhajoji ke aiki a cikinsu, sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024. Harsunan da ba su da rubutu da yawa a intanet manhajojin sun fi yi musu kwaɓa.

Dokar Tarayyar Turai kan AI ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024. Kan ko na'urorin za su fi ƙarfin mutane wata rana, masana sun rabu: Hinton ya bar Google a 2023 yana gargaɗi, Yann LeCun, wanda suka raba kyautar Turing ta 2018, babbar lambar yabo ta ilimin kwamfuta, tare, ya ce an zuzuta abin.