Kallon talabijin na dijital a ƙaramar na'urar Linux ta hanyar sandar USB

Kallon talabijin na dijital a ƙaramar na'urar hannu mai aiki da tsarin Linux hanya ce ta kama shirye-shiryen da gidajen talabijin ke watsawa ta iska, ba tare da intanet ko sayen data ba. Ana yin hakan ne da sandar kama tasha, wato wata 'yar na'ura mai kama da filash, wadda ake sanyawa a kafar USB sannan a haɗa mata eriya. Sandar ce ke kamo sigina ta mayar da shi lambobi, Linux ya karɓi lambobin, sannan manhajar kallo ta fitar da hoto da sauti. An ƙera waɗannan sanduna ne domin kwamfutar tebur da ta cinya, kuma galibi masu ƙera su Windows kaɗai suke rubuta wa manhaja, saboda haka amfani da su a na'urar aljihu aiki ne da ya tsayu a kan ƙoƙarin masu rubuta manhajar Linux, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne.

Tsarin watsawa

Abu na farko da ke tantance ko sanda za ta yi aiki shi ne tsarin watsa shirye-shirye na ƙasar da mutum yake ciki. Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka suna bin tsarin DVB, wanda wata ƙungiyar masana'antu da aka kafa a 1993 ta tsara. An fitar da DVB-T, na watsawa daga turakun ƙasa, a 1997, Birtaniya ta fara amfani da shi a 1998, sannan magajinsa DVB-T2 ya fito a 2009. Amurka tana amfani da ATSC, Japan da Brazil suna kan ISDB-T, Sin kuma tana da nata mai suna DTMB. Sandar da aka yi wa wani tsari ba ta kama wani, kuma ko a cikin gidan DVB, sandar DVB-T zalla ba ta iya karanta siginar DVB-T2, ko da yake sandunan DVB-T2 suna karanta tsohon tsarin.

A talabijin na da, kowace tasha tana da mitarta. A na dijital kuwa ana haɗa tashoshi da yawa a dami ɗaya a watsa su a kan mita guda mai faɗin megahaz 8 a zangon UHF na talabijin, wanda ke farawa daga megahaz 470. Damin DVB-T yana ɗaukar kimanin megabit 24 a daƙiƙa a saitin da Birtaniya ta saba amfani da shi, kuma iyakarsa ba ta kai 32 ba, yayin da na DVB-T2 ke ɗaukar wajen 40 a saitin Birtaniya. Bayanan suna zuwa ne a ƙananan fakiti masu bayit 188 kowanne, kuma kowane fakiti yana ɗauke da lamba da ake kira PID, wadda ke nuna ko hoton wata tasha ne, ko sautinta, ko jadawalin shirye-shirye. Zaɓen tasha, a wannan tsari, yana nufin tsince fakitin da ke da lambobin da ake so daga cikin damin, a watsar da sauran.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga ƙananan na'urori. Kafar USB 1.1 ba ta wuce megabit 12 a daƙiƙa, ke nan ba za ta iya ɗaukar dami sukutum ba. Shi ya sa wasu sanduna suke da matacin PID a cikinsu, wanda ke tace fakitin tun kafin su bi ta kafar USB, ta yadda tasha ɗaya mai megabit 3 ko 4 kawai za ta wuce. USB 2.0, mai megabit 480, ta kawar da wannan matsala, amma tacewa a cikin sanda tana rage wa ƙaramin furosesa nauyi har yanzu.

Abin da Linux ke yi

A cikin sanda akwai manyan sassa uku: mai kama mita, mai warware siginar rediyo zuwa lambobi, da gadar da ke miƙa lambobin ga USB. Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera waɗannan sassa, irin su DiBcom mai DiB0700, da Afatech mai AF9015, da ITE mai IT9135, da Realtek mai RTL2832U, da kuma Silicon Labs, wanda Si2168 ɗinsa ke cikin sandunan DVB-T2 da dama. Direban Linux, wato 'yar manhajar da ke sarrafa sandar, da waɗannan sassa yake aiki, ba da sunan da aka buga a kwali ba, kuma ya sha faruwa kamfani ya canja kayan ciki bai canja sunan sandar ba. Don haka masu wannan harka suke fara duba lambar shaidar na'ura da umarnin lsusb, su kuma karanta saƙonnin dmesg don ganin ko tsarin ya gane ta.

Sashen DVB na Linux ya taso ne daga aikin kamfanin Convergence na Balin tare da Nokia, ya ci gaba a ƙarƙashin inuwar LinuxTV, kuma yana cikin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, tun jerin 2.6 da ya fito a ƙarshen 2003. Idan an gane sanda, sai a ga fayiloli sun bayyana a /dev/dvb/adapter0, inda frontend0 ke kula da saita mita, demux0 ke tace fakiti, dvr0 kuma ke miƙa bayanan ga manhajar kallo ko ta naɗi. Sanduna da yawa ba sa tashi sai an loda musu manhajarsu ta ciki duk lokacin da aka sanya su, kuma wurin ajiye fayil ɗinta shi ne /lib/firmware. Rashin wannan fayil na daga cikin dalilan da suka fi hana sanda aiki. Wata matsalar da ta keɓanci na'urorin hannu ita ce masu ƙera su sukan cire direbobin DVB daga kanel don rage girmansa, sai ya zama dole mai na'ura ya harhaɗa direban da kansa daidai da kanel ɗin da ke ciki.

Bayan haka sai neman tashoshi da manhaja irin su w_scan ko dvbv5-scan, waɗanda ke bin mitoci su rubuta abin da suka samu a fayil. VLC da mpv da Kaffeine duk suna iya nuna tasha kai tsaye daga sandar.

Wutar lantarki da ƙarfin na'ura

A nan ne ƙaramar na'ura ta fi shan wahala. Domin a sarrafa sanda, dole kafar USB ta iya zama uwar ɗaki, wato ita ce za ta ba da umarni ta kuma ba da wuta, alhali yawancin na'urorin aljihu an yi kafarsu ne don caji da haɗawa da kwamfuta. Ƙa'idar USB OTG ta 2001 ta ba kafa ɗaya damar yin aikin biyu, sai dai wutar da irin wannan kafa ke fitarwa sau da yawa ba ta kai miliamfa 500 da cikakkiyar kafar USB 2.0 ke bayarwa ba, ga shi kuma sandar talabijin tana jan ɗaruruwan miliamfa tana kuma yin zafi. Idan wuta ta gaza, sandar takan bayyana ta ɓace, ko ta kasa tsayawa a kan mita, abin da mutum zai iya ɗauka raunin sigina ne. Maganin da aka saba shi ne marabar USB (na'urar da ke raba kafa ɗaya zuwa da yawa) mai wutar kanta ko waya mai rassa biyu da ke jawo wuta daga fawa bank, ko da yake hakan yana rage sauƙin ɗaukar na'urar, wanda shi ne amfaninta tun farko.

Sai kuma warware hoton. Tasha ta yau da kullum tana zuwa da hoto mai ɗigo 720 a 576, firam 25 a daƙiƙa, a matse da tsarin matse hoto na MPEG-2 ko H.264, tashoshi masu hoton HD kuma da 1920 a 1080, Jamus ma ta koma sabon tsarin matsewa na HEVC tun 2017. Sharp Zaurus SL-C3000 na 2004, mai furosesa XScale na megahaz 416, yana da kafar da ke karɓar na'urorin USB, amma cikakken hoton talabijin kaya ne mai nauyi ga irin wannan furosesa. Nokia N900 na 2009, mai tsarin Maemo, bai zo da damar sarrafa na'urorin USB a hukumance ba, masu amfani da shi ne suka buɗe ta daga baya. Na'urar wasanni ta hannu mai suna Pandora ta 2010 ta zo da babbar kafar USB, abin da ya sa ta fi dacewa da wannan aiki. A Raspberry Pi na farko, wanda ya fito a 2012, sai an sayi lasisi daban kafin sashen hoto ya warware MPEG-2. Na'urorin baya-bayan nan irin su Steam Deck na 2022 suna da ƙarfin da ya wadatar, don haka abin da ya rage musu shi ne direba da batir da eriya.

Saboda waɗannan matsaloli, mutane da yawa sukan raba aikin biyu: a sa sandar a wata kwamfuta a gida mai manhajar Tvheadend ko VDR, a haɗa ta da eriyar waje, sannan na'urar hannu ta karɓi tashar ta Wi-Fi. Hanya ce mafi inganci a cikin gida, amma ba ta amfanar matafiyi.

Eriya da motsi

'Yar eriyar da ke zuwa da sanda tsawonta bai wuce santimita goma sha wani abu ba, wato kusan rubu'in tsawon zangon UHF, kuma takan fi kamawa idan an ɗora gindinta a kan ƙarfe kusa da taga. Siginar dijital ba ya dusashewa a hankali kamar na da: hoto yana fita tas har zuwa wani mataki, daga nan sai ya farfashe ya tsaya cak. An tsara yawancin tashoshin da ake watsawa daga turakun ƙasa ne don eriyar kan rufi, ba don mai tafiya a mota ba. Don cike wannan giɓi aka fitar da DVB-H a 2004, wanda ke aiko bayanai a guntu-guntu domin na'ura ta riƙa kashe makamarta tsakaninsu ta adana batir. DStv Mobile ya yi amfani da shi a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, amma tsarin bai ɗore ba bayan da intanet ɗin waya ya yaɗu.

Halin da ake ciki a Najeriya

Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa dijital a zangon UHF ga Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. Najeriya ta zaɓi DVB-T2, ta kuma ƙaddamar da gwajin farko a Jos a 2016, kafin Abuja da Kaduna da Kano da wasu birane su biyo baya. Ke nan sandunan DVB-T zalla masu arha, ciki har da masu RTL2832U kaɗai, ba za su nuna waɗannan tashoshi ba. Tashoshin biyan kuɗi na GOtv da StarTimes kuma a kulle suke, sandar tana iya ganin sunayensu a lokacin nema amma ba ta buɗe su, domin mabuɗin yana cikin dikodar kamfanin. Tashar da aka watsa a buɗe kaɗai ake iya kallo ta wannan hanya, don haka ya kamata mai niyyar saye ya fara tabbatar da cewa akwai irinta a garinsa.

Sandunan RTL2832U ɗin sun sami wani amfani daban. A 2012 Antti Palosaari, mai rubuta direbobin Linux ɗan ƙasar Finland, ya nuna cewa ana iya sa su miƙo ɗanyen siginar rediyo ba tare da warwarewa ba, masu rubuta manhaja na ƙungiyar Osmocom kuma suka rubuta manhajar rtl-sdr a kan haka. Da ita ake sauraren rediyon FM, ana bin siginar jiragen sama, ana kuma karɓar hotunan taurarin ɗan'adam na hasashen yanayi. Wanda zai yi wannan a Linux yakan dakatar da direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu tukuna, domin shi ne ke fara riƙe sandar da zarar an sanya ta.