Waiwaye: an daɗe ana kallon safarar mutane da ido ɗaya

Yarjejeniyar farko da ƙasashe suka sa wa hannu kan safarar mutane a Paris aka yi ta a 1904, kuma gaskiya damuwarsu a lokacin matan Turawa ne da ake kwasa ana kaiwa karuwanci a wasu ƙasashe, sauran jama'a ko oho. A 1921 aka faɗaɗa abin ya haɗa mata da yara ko wane launi ne, ta 1949 ma dai a kan karuwancin ta tsaya. Wato kusan shekara ɗari namijin da aka kulle a gona ko jirgin kamun kifi ba ya cikin wannan lissafin sam.

Sai a 2000 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya ta gyara, ta ce duk wanda aka ɗauko da yaudara ko barazana ko ƙarfi don a ci da guminsa to an yi safararsa, ko bai tsallake boda ba, kuma ko da bakinsa ya ce ya yarda ba hujja ba ce. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni wallahi, don da yawansu da ƙafarsu suka tafi, ejan ya yi alkawarin aiki ya biya biza da tikiti, ana isa a karɓe fasfo a ce sai ka biya bashi, ana ƙara kuɗin abinci da na makwanci da tara, kullum kana aiki kullum bashin na hawa, in ka ce za ka gudu a tuna maka an san gidanku.

Da aka buɗe ɗaya idon an ga abin tashin hankali. A 2015 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP suka gano masunta, yawanci 'yan Myanmar, ana bautar da su a tsibirin Benjina na Indonesiya, wasu a cikin keji. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 27.6 na aikin tilas a 2021, ribar da ake ci a kansu kuma dala biliyan 236 duk shekara.

Yanzu kam abin har masu digiri bai bari ba. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ake tilasta wa damfarar intanet, an yaudare su da tallan aikin kwamfuta. Abin baƙin cikin shi ne wasunsu idan suka kuɓuta maimakon a taimake su sai a kama su a matsayin 'yan damfara ko baƙin haure.