Mutuwa a tseren rali: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk sanda aka yi rashi a tseren rali, tambayoyin nan ne dai suke dawowa, wasu ma daga bakin waɗanda aka amsa wa bara. Ga amsoshin wuri ɗaya. A karanta kafin a sake tambaya.

Ina zan samu bidiyon hatsarin?

Ba a nan ba. Wanda ke cikin motar ɗan wani ne, mijin wata ne. In ya faɗo wayarka ka goge, kar ka tura wa kowa.

Rali da Formula 1 ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Formula 1 a fili na musamman ake yin sa, an share gefen titi, an kafa shinge mai shanye duka. Rali kuwa a kan hanyar jama'a ake yi, ta daji ko ta dutse ko ta ƙauye, a rufe ta na 'yan sa'o'i. Mota ɗaya-ɗaya ake saki, da tazarar minti ɗaya zuwa uku, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Bishiyar da ke bakin hanya ba mai sare ta saboda tsere.

Me na biyun yake yi a cikin motar?

Karanta hanya. Kafin tsere sukan bi hanyar sau biyu a hankali, direba na faɗa shi yana rubutawa: kwana ta dama, tsananinta kaza, mita 80, tudu, kar a yanke. Ranar tsere ya riƙa karanto masa ta na'urar magana da ke cikin hular kwano. A gudun kilomita 120 a awa, mota na cin mita 33 cikin sakan ɗaya, saboda haka in ya makara da kira ko ya tsallake layi, an riga an wuce wurin taka birki. Kuma don Allah a daina ta'aziyyar direba ana manta shi. Sergio Cresto, Michael Park, Gareth Roberts, duk a wannan kujerar suka rasu.

Wani ya yi adungure sau biyar ya fito da ƙafarsa, wani ya bugi itace sau ɗaya ya mutu. Yaya aka yi haka?

Adungure ba shi ne abin tsoro ba. Motar da ke birgima tana zubar da ƙarfinta kaɗan-kaɗan, kejin ƙarfe na riƙe rufin, bel mai maɗauri shida na riƙe mutum. Abin da ke kisa shi ne tsayawar farat ɗaya, da kuma abin da ya kutso cikin motar. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan ya ninka huɗu. Tsayawa nan take daga kilomita 100 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 39.

Ta gaba akwai inji da bonet da za su lotse su shanye wani abu. Ta gefe, tsakanin ƙofa da haƙarƙarin mutum bai kai kamu ɗaya ba, kuma siririn abu irin bishiya ko turke yana tara dukan a wuri ɗaya. Haka Michael Park ya rasu ranar 18 ga Satumba 2005 a ralin Wales, lokacin da Peugeot 307 da Markko Märtin ke tuƙawa ta bugi bishiya ta ɓangarensa. Märtin bai ji ciwo ba. A 2012, a tsibirin Sisili, ƙarfen gefen titi ya huda motar Craig Breen ya kashe mai karanta masa hanya, Gareth Roberts. Shi Breen ɗin kansa, ranar 13 ga Afrilu 2023, yana gwajin Hyundai a Kuroshiya, motar ta zame a hanya mai santsi, ba ma da wani gudu mai yawa ba, turken shinge ya shigo ta tagar gefe. Shekararsa 33. James Fulton da ke zaune kusa da shi ya fito lafiya.

Shi ya sa aka ƙara fukafukai a kan kujera su tare kai, aka cusa soso mai tauri a cikin ƙofa, aka matsar da kujeru zuwa tsakiya. Duk sun taimaka. Taga kuwa har yanzu ita ce raunin motar, domin dole a ga waje ta cikinta, dole kuma a iya fita ta cikinta.

Colin McRae a tsere ya mutu?

A'a, wannan tsohon zakaran rali na duniya hatsarin jirgi mai saukar ungulu ne ya kashe shi kusa da gidansa a Scotland, a 2007. Richard Burns, shi ma tsohon zakara, ba tsere ba ne, ƙari ne a ƙwaƙwalwa, a 2005.

Wane zamani ne ya fi muni?

Zamanin ajin motocin da ake kira rukunin B, 1982 zuwa 1986. Motoci marasa nauyi, inji mai ƙarfin doki sama da 450, 'yan kallo kuma a tsakiyar hanya suna darewa sai mota ta iso. Attilio Bettega ya rasu a tsibirin Kosika na Faransa ranar 2 ga Mayu 1985 cikin Lancia 037. A watan Maris 1986 a Fotugal, Ford RS200 ta Joaquim Santos ta afka cikin jama'a kusa da Sintra, mutum 3 suka mutu, sama da 30 suka jikkata, manyan direbobi suka ƙi ci gaba da tseren. Ranar 2 ga Mayu 1986, shekara guda cif bayan Bettega, Henri Toivonen da Sergio Cresto suka bar hanya a wata kwana a Kosika, Lancia Delta S4 ta faɗa kwari ta kama da wuta. Tankin man yana ƙarƙashin kujerunsu. Abin da aka ciro ƙarafa ne kawai. Nan take aka yanke hukuncin soke rukunin daga ƙarshen shekarar.

Ai kwana ne ya ƙare, mene ne na bincike?

Ba wanda ya musa ajali. Amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Tankin mai da ba ya fashewa da sauƙi, rigar da ke jinkirta ƙuna na kimanin sakan 12, marin wuya na HANS da aka wajabta a gasar duniya daga 2005 don kada kai ya fizge gaba ya karya gindin ƙoƙo, kowannensu bayan an yi asarar rayuka aka tsaya aka bincika. Wanda ya ce a bar bincike, na gaba yake jefawa cikin ramin.

Mota ta yi hatsari a gabana, ni ne mafi kusa. In ciro su, ko in jira?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda bai san aikin ba. In akwai jami'in tsere a wurin, abin da ya ce shi za ka yi. In babu, ga yadda ake aunawa.

Kafin ka taɓa motar, tuna wata na tafe bayanta cikin minti ɗaya ko biyu, kuma direbanta bai san komai ba. Tura mutum ya koma baya ta gefen hanya, ba ta tsakiya ba, aƙalla mita 50, ya fi haka in bayan kwana ne, ya riƙa ɗaga hannu. A 2006 a ralin Kataloniya, Jörg Bastuck ya fito daga motarsa lafiya yana canza taya, wata motar ta kuɓuce a daidai wurin ta kashe shi. Inda mota ɗaya ta zame, ta biyu ma na iya zamewa.

Sannan ka duba: akwai wuta ko babu? A gindin gilashin gaba, daga waje, akwai maɓallai biyu. Mai alamar walƙiya ja cikin kusurwa uku shuɗiya yana yanke lantarki ya kashe inji. Mai harafin E ja cikin farin da'ira yana sakin maganin gobara a inji da cikin mota. Na farkon danna shi ko ja shi a kowane hali. Na biyun sai ka ga wuta ko hayaƙi mai kauri, domin sau ɗaya yake aiki, kuma lokaci kawai yake saya maka. Kar ka wangale bonet, iska za ka ba wutar. Motocin babban rukuni na 2022 zuwa 2024 masu batirin lantarki suna da fitila: in ba kore take nunawa ba, jikin motar na iya jan mutum.

In wuta na ci kuma ta ƙi mutuwa, fito da su ko ta halin ƙaƙa. Maganar wuya da ƙashin baya sai mai rai. Murɗa ƙullin bel da ke kan cibiya, duk maɗauran za su saki, cire wayar hular kwano, ja ta kafaɗun riga inda aka ɗinka maɗauka don wannan aikin.

In babu wuta, yawanci barin su a kujera ya fi. Kujerar da bel ɗin suna riƙe da ƙashin baya fiye da yadda hannunka zai riƙe. Yi masa magana ta gaba don kada ya juyo da wuya. In ya amsa, yana numfashi, to ka tsaya da shi, ka danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, kar ka ba shi ruwa. In motar a kife take, kar ka kuskura ka saki bel ba tare da an tallafe shi ba, domin a ka zai faɗo, kuma wuyan da hatsarin bai karya ba kai ka karya shi. In wani ƙarfe ko itace ya shige jiki, a bar shi inda yake. Robert Kubica ya fi awa guda a maƙale a 2011 a Italiya bayan ƙarfen titi ya ratsa motarsa, masu ceto suka yanka a hankali, ya rayu har ya koma tsere.

Hular kwano ita ce mai wuyar sha'ani. Ƙa'ida ita ce kar a cire. Amma in ba ya numfashi, ko amai ya toshe masa maƙogwaro kuma ba yadda za a kai ga bakinsa, jira ma kisa ne. A nan sai mutum biyu: ɗaya ya tallafi ƙeya da haɓa daga ƙasa, ɗaya ya kwance igiyoyin marin wuya, ya buɗa gefen hular ya zare a hankali. In kai kaɗai ne kuma ba ka taɓa koyo ba, ba zan ce maka yi ba, ba zan ce maka bari ba. Numfashi ne ke gaba da komai, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Abin da ya fi shi ne ka koyi agajin gaggawa tun kafin ranar.

Kowace mota na ɗauke da allo mai fuska biyu, OK kore da SOS ja. In ana bukatar likita, a nuna wa mota ta gaba SOS. Doka ta tilasta mata tsayawa, ta bayanta kuma ta kai labari tashar rediyo mafi kusa. Kar ka nuna OK don kawai ka ga mutum ya buɗe ido. Kuma ka kwantar da hankalinka: mafi yawan hatsarin da za ka gani, su biyun da kansu za su fito suna duba taya.

To a ina zan tsaya in yi kallo?

A kan tudu, bayan igiyar da aka ja, a tsaye. Ban da bayan kwana ta waje, ban da inda mota ke dira bayan tsalle, ban da miƙaƙƙen gaban mararraba inda wanda birki ya ƙwace wa zai zarce, ban da ƙasa da hanya. Cikin kwana ma ba tsira ba ne, direbobi na yankewa ta nan. Riƙe hannun yaro, cire abin kunne, kar ka ba hanya baya don ɗaukar hoto. Motoci masu lamba 000 da 00 da 0 suna wucewa kafin a fara. Hanya ba ta buɗe ba sai motar jami'ai ta ƙarshe, mai bin bayan 'yan tsere, ta wuce. A 2015 mutum 7 suka mutu cikin 'yan kallo a ralin A Coruña na Sifaniya. Abin bai ƙare da 1986 ba.

Dakar fa?

Shi ma wannan dogon tseren hamada na motoci da babura ya ci rayuka da yawa, akasarin 'yan tseren masu babur ne. Wanda ya kafa shi, Thierry Sabine, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, aka watsa tokarsa a hamadar Tenere ta Nijar, inda tseren ya sha ratsawa ta Agadas. Paulo Gonçalves, mai babur, ya rasu a 2020 a Saudiyya inda tseren ya koma, daga 2021 aka wajabta wa masu babur riga mai kumbura da iska. Abin da ke min ciwo shi ne mutanen ƙauyen da aka take a hanya, irin yara biyun da aka kashe a Gini da Senegal a 2006. Ba su shiga tsere ba, kuma ba kasafai ake ambaton su ranar tunawa ba.

An yi mutuwa kuma a ci gaba da tsere, ba rashin tausayi ba ne?

Ya danganta, kuma iyalan mamaci ake fara ji. Ranar da Park ya rasu an soke sauran zangon, Sébastien Loeb kuma da gangan ya jawo wa kansa tarar minti biyu don kada ya ɗauki kambun duniya a wannan ranar. Bayan Breen, an yi ralin Kuroshiya, Hyundai ta fito da mota biyu kawai da launin tutar ƙasarsa Ireland, aka ajiye lambarsa 42 har ƙarshen shekarar. Elfyn Evans ya ci, mai karanta masa hanya kuwa Scott Martin ne, wanda ya yi shekaru a gefen Breen.

Mu ma ai muna wasan mota ranar biki.

Wannan ba rali ba ne, ganganci ne. Ba keji, ba hula, ba likita, ba igiya, ga yara a da'ira kewaye da motar. Ku daina.

Zan iya sayen kujera da bel na hannu?

Duba tambarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, da ke jikinsu. Bel shekara 5 yake yi, kujera 5 ko 10 gwargwadon ajinta. In tambarin ya goge, ko an taɓa hatsari da su, a bar su ko kyauta ne: zaren bel da ya taɓa miƙewa ba ya komawa, tsagewar kujera kuma sau da yawa a ƙarƙashin yadi take. Hular kwano da ta taɓa shan duka ita ma ta gama aiki, ko da fentinta bai ko kuje ba.