Daga bututu zuwa moɗa: inda ruwan shanmu yake gurɓacewa a Legas

Ruwa yana iya fitowa garau, babu launi babu wari, amma ya kwantar da gida guda. Wannan ita ce maganar da ta fi ba mu wuya mu ma'aikatan lafiya idan muna zagaye gida-gida a Agege da sauran unguwannin da mutanenmu suke. Mun taso da ƙa'idar da malamai suka koya mana, cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba mai tsarki ne, a yi alwala da shi. Ƙa'idar tana nan daram a fagen ibada. Sai dai ƙwayar kwalara da ta taifot da ta shawara ba su da launi, ba su da ɗanɗano, ido ba ya ganinsu. Ruwan da ya halatta ka yi alwala da shi ba lallai ne ya dace ka ɗura wa jariri ba.

Ruwan gwamnati, a inda ake tace shi, ba shi da laifi. Matatar ruwa ta Iju da ke nan kusa da mu tun 1915 aka buɗe ta, zamanin Gwamna Lugga, daga baya aka ƙara ta Adiyan da wasu ƙanana. Ana jawo ruwa daga Kogin Ogun, a kwantar da laka, a tace, a zuba sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan a turo shi gari. Amma abin da ake samarwa bai kai rabin buƙatar mutanen Legas ba. Shi ya sa garuruwan gefe, ƙauyukan Ikorodu da Badagry da Epe da lungunan Alimosho, da yawansu ba su san ruwan gwamnati ba sam. Inda ya kai kuma, yau ya zo, gobe shiru.

Wannan zuwa da ɗaukewar shi ne tushen matsalar, kuma mutane kaɗan ne suka lura da ita. Muddin bututu yana cike, ruwa yana tafiya da ƙarfi, idan akwai huda waje yake tsiyaya. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama wayam, sai lamarin ya juya: abin da ke wajen ne yake shiga ciki. To ina bututun yake kwance? Ku leƙa kwatar ƙofar gidanku. A wani layi da muka shiga, siraran bututan roba ne a jere cikin baƙin ruwan lambatu, kowane gida da nasa, ɗaya ya tsage an naɗe shi da robar tayar babur, ana ganin kumfa tana tashi daga wurin ɗaurin. Gaba kaɗan kuma ga inda wani gida ya saki ruwan bayan gidansa cikin kwatar nan. Matar da ke gidan farko ta ce da ni, "Malama, ai mu ruwan gwamnati muke sha, ba na rijiya ba." Na kama hannunta na kai ta bakin kwatar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Innalillahi, ashe shi ya sa ba ma rabuwa da asibiti."

Saboda haka duk ranar da famfo ya dawo bayan ya ɗauke, kada a tari ruwan farko don sha. A bar shi ya zuba har ya washe, a yi wanki ko shara da wannan. Bututun da ke cikin kwata a ɗaga shi sama, wanda ya tsage a canza shi, ɗaurin roba ba gyara ba ne. Masu jona injin jan ruwa kai tsaye a jikin babban bututu don su riga maƙwabta samu, su ji tsoron Allah: injin yana zuƙo ruwan kwata ya raba wa layin gaba ɗaya, har da gidan mai injin. Akwai kuma masu ƙyamar ɗan warin magani da ake ji a ruwan famfo. Wannan warin alheri ne, alama ce cewa kulorin ya iso gidanku da sauran ƙarfinsa.

Amma gaskiyar magana, abin da yawancinmu muke kira famfo a nan ba na gwamnati ba ne. Rijiyar burtsatse ce mai gida ya haƙa, inji ya tura ruwa tanki, tanki ya sauko da shi. Babu wanda ya tace, babu wanda ya sa magani. Ƙa'idar lafiya ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe, wato ramin da ruwan bayan gida yake taruwa. Fuloti guda a Legas ƙafa 60 ne a 120, wasu ma rabin fuloti suka gina, kuma a ciki aka cusa ɗakunan haya da sokawe da rijiyar duka, ga na maƙwabci a bayan katanga. A wuraren da ke kwari, irin Ijora Badia da Ajegunle da gefen Mile 12, ba a yin nisa da haƙa ake tarar da ruwa, kuma idan damina ta kankama a Yuni da Yuli, ambaliya tana haɗe kwata da masai da bakin rijiya. A watan Yunin 2024, dab da Babbar Salla, kwalara ta ɓarke a jihar nan, ta fi tsanani a Tsibirin Legas da Kosofe da Eti-Osa, an rasa rayuka. Kosofe kuwa can ne Mile 12 da Ketu, inda dubban 'yan'uwanmu suke kwana suna tashi.

Ba ƙwayar cuta kaɗai ke ɓata rijiya ba. A Baruwa da ke Ipaja, man fetur da ya tsiyaya daga bututu ya lalata rijiyoyin unguwar shekaru da dama. A bakin teku ruwan gishiri yana kutsowa, kusa da manyan juji irin na Olusosun a Ojota kuma ruwan shara yana nutsewa ƙasa. Irin wannan ruwa tafasawa ba ta gyara shi. Duk ruwan da ke warin fetur ko kalanzir, ko yake da zartsi, a bar shi, a nemi wani.

Hanyar sanin lafiyar rijiya ɗaya ce, gwaji a ɗakin bincike. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wanda Najeriya ma take bi, shi ne kada a samu ƙwayar E. coli ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samunta yana nufin kashi ya shiga ruwan. Akwai hukumar jiha mai sa ido kan harkar ruwa, LASWARCO, akwai ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Na san ɗan haya yana jin nauyin tunkarar mai gida, musamman mu da ake yi wa kallon baƙi. Amma idan 'yan haya suka haɗa baki, suka ce za su yi karo-karo a gwada ruwan sau ɗaya a shekara da kuma bayan kowace ambaliya, da wuya mai gida ya ƙi, tunda shi ma iyalinsa daga nan suke sha. Tankin sama kuma a hau a duba. Mun sha tarar da tanki babu murfi, ƙasansa laka da gansakuka, wani har da mushen ƙadangare. A wanke shi duk wata uku zuwa shida. Kwamitocin masallatai ma wannan ya shafe su, don mutane suna kurɓa daga buta da famfon alwala, musamman almajirai da matafiya.

Yanzu ga 'yan'uwana 'yan ga-ruwa. Rabin unguwannin garin nan da kurarku suke rayuwa, kuma mafi yawanku namu ne, daga Arewa da Nijar. Kuna tura jarka goma ko sha biyu a rana tsaka, guminku halal ne, ba mai raina muku. Amma ruwan yaran mutane ne a hannunku, amana ce. Wani dattijo da na tsayar a bakin famfo na ce, "Baba, a ba ni jarka ɗaya in leƙa." Ya miƙo. Cikinta kore shar, bakinta kuma an toshe da ƙullin leda saboda murfin ya ɓata. Ya ce, "'Yata, abin da ake zuba wa ruwa kullum ai shi ke wanke kansa." Ba haka ba ne, Baba. Wannan koren da santsin da ke manne a ciki nan ne ƙwayoyin cuta suke zama, kowane sabon ruwa kuma sai ya ɗebi rabonsa. A riƙa wanke jarka da sabulu da ruwan kulorin aƙalla sau ɗaya a mako, a girgiza sosai, a ɗauraye. Kowace jarka da murfinta. Tiyon da ake cika jarka da shi a rataye shi, kada a bar bakinsa a ƙasa cikin caɓi. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ko wani sinadarin masana'anta ba ta ruwan sha ba ce har abada, kome arhar ta. Kuma mai gudawa ya huta da kura har ya warke; na san cin yau ne, amma abokan sana'a su rufa masa asiri na kwana biyu.

Ko da duk waɗannan sun gyaru, a cikin ɗaki ake ƙarasa ɓarnar. Randa ko bokiti a buɗe, moɗa ɗaya tana yawo, yaro ya dawo daga bayan gida ya tsoma ta har wuyan hannu. Ruwan sha a ware masa mazubi mai ƙaramin baki da murfi, ko bokiti mai famfo a jiki, a riƙa tsiyayowa maimakon tsomawa. Kafin nan kuma a kashe abin da ke ciki. Tafasawa ita ce mafi tabbas: ya tafasa yana ɓulɓula na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe, kada a sirka da ɗanye. Na san kuɗin gas da gawayi, don haka ga wanda ba zai iya ba akwai maganin ruwa irin WaterGuard da ƙwayoyin Aquatabs a kemis. Na ruwan, wato WaterGuard, murfi ɗaya ne a jarka mai lita 25, a girgiza, a jira minti 30. Sauran nau'o'in a bi abin da aka rubuta a jiki, wanda bai iya karatun boko ba ya tambayi mai kemis. Idan ruwan yana da laka, a fara barinsa ya kwanta ko a sa alimun, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a sa magani. Alimun laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma a nan mata da yawa suke ruɗuwa don sun ga ruwa ya yi fes.

Da wannan ruwan da aka gyara za a dama fura, a haɗa zoɓo da kunun aya, a yi ƙanƙara, a wanke kayan lambun da za a ci ɗanye. A ɓarkewar 2024 hukumomin lafiya sun danganta wasu daga cikin masu cutar da wani kunun aya marar rajista da suka sha. Matanmu da yawa da wannan sana'a suke riƙe gida, kuma suna ɗaya ya ɓaci, kasuwar kowa ta mutu. Fiya wata ma ba duka ne na kirki ba: a duba lambar NAFDAC da sunan kamfani, a guji wanda ya daɗe a rana ko yake da ɗanɗanon leda, a wanke bayan ledar kafin a kai baki, tunda hannu nawa ta bi ba a sani ba.

Idan kuma cuta ta riga ta shigo, ba a jiran gari ya waye. Gudawa tsururu mai kama da ruwan wankin shinkafa, da amai, idanu su faɗa, fitsari ya ɗauke: kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, kuma rashin ruwa a jiki ne yake kisan. A fara ba da ORS, wato ruwan gishiri da sukari, nan take, kurɓi-kurɓi, ko yana amai. In babu na leda, a samu lita ɗaya na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, mai shan nono a ci gaba da ba shi. Kada a tsaya haɗe-haɗen magani a kemis ko jiƙe-jiƙe, a ɗauke shi zuwa cibiyar lafiya mafi kusa ana ba shi ruwan a hanya. Mai ciki da idonta ya yi rawaya ita ma asibiti kai tsaye, don shawarar da ake ɗauka ta ruwa tana da haɗari ƙwarai ga masu juna biyu. Idan mutum biyu ko uku suka kwanta a gida ɗaya ko layi ɗaya, a kira 112 ko 767, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma a daina shan ruwan wurin ɗanye har sai an zo an gwada shi.