Waiwaye: Ginin Iganmu, daga bikin FESTAC zuwa yau

Duk wanda ya taɓa hawa gadar Eko a Legas, ko da a bayan tirelar shanu ya shigo garin, ya ga wannan gini. Yana zaune shi kaɗai a fadamar Iganmu, ƙato, zagayayye, bakin rufinsa ya ɗaga ta nan ya kwanta ta can. Mutanen Ikko sun ce hular hafsan soja ce aka ajiye a ƙasa. Ni kuwa duk lokacin da na dube shi sirdi nake gani, irin wanda ake ɗaura wa ingarma ranar hawan sallah. Shi ne babban gidan kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda aka sake buɗewa ranar 1 ga Oktoba, 2025, bayan ya sha gyara, da sabon suna na marubucin nan Wole Soyinka. Kafin a zo wannan rana ginin ya ga samu ya ga rashi, kuma labarinsa ba ya rabuwa da labarin kuɗin man fetur.

Asalin maganar daga Dakar ta taso. A 1966 shugaban Senegal, Léopold Senghor, wanda shi kansa mawaƙi ne na alƙalami, ya tara baƙar fata na duniya domin bikin al'adu na farko. Aka tashi a kan cewa Najeriya ce za ta karɓi na biyu a 1970. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ba a ajiye makamai ba sai Janairun 1970, maganar biki ta sha ruwa. Da ƙura ta lafa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta farfaɗo da ita, kuma aka yi dace da lokacin da farashin mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Dattawan da suka yi aikin gwamnati a zamanin suna tuna kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Suna kuma tuna 1975, shekarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas, wata da watanni, babu wurin sauke kaya. A cikin wannan yanayi na "akwai kuɗi, a yi komai" aka haifi ginin Iganmu. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana son ta nuna wa duniya cewa ta miƙe, kuma ita ce babbar yaya a Afirka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a zana wannan gini domin Legas ba. Kwafi ne. Uwarsa tana Varna, wani birni na ƙasar Bulgeriya a bakin Bahar Aswad, inda aka buɗe wani zauren wasannin motsa jiki da al'adu a 1968, zanen wani maginin ƙasar mai suna Stefan Kolchev. Shi aka gani aka yaba, aka ce a yi mana irinsa, amma ya fi shi girma. A 1973 aka ba kamfanin gine-gine na gwamnatin Bulgeriya, Technoexportstroy, kwangilar. Ba abin mamaki ba ne a wancan zamani. Ƙasashen gabashin Turai masu bin gurguzu suna neman kuɗin waje ruwa a jallo, suna da injiniyoyi, kuma ƙasashen Afirka da suka samu 'yanci ba sa son komai nasu ya fito daga hannun tsofaffin iyayen gijinsu.

Girman ginin ya isa a tsaya a kansa. Tsayinsa ya haura mita 30, faɗin ƙasar da ya ci kuwa kusan murabba'in mita 23,000 ne. Lokacin da aka gama shi, a cikinsa akwai babban zaure mai kujeru 5,000, da dandamalin da ake iya harhaɗawa a kuma kwance shi gwargwadon abin da za a yi. Akwai ɗakunan silima biyu, kowanne na cin mutum wajen 700, da zauren taro da liyafa, da wuraren baje kolin zane-zane, da na'urorin fassara magana nan take zuwa harsuna takwas. Ƙofofin shiga huɗu ne, aka laƙaba musu haruffan boko daga A zuwa D. Hikimar ginin tana ga rufin. Waɗannan ginshiƙan kankare da suka jeru a kewaye, suna buɗewa sama kamar haƙarƙarin kwando, su ne ke riƙe da baki, shi kuma rufin ya lanƙwasa irin na sirdi domin ya ɗauki nauyin kansa. Ta haka aka samu fili mai faɗi a ciki, ɗan kallo ya hangi dandamali ba abin da ya tare masa gani. Injiniya in ya shiga sai ya jinjina.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. An tsara uwar ginin ne domin ƙasa mai sanyi, kuma domin ƙwallon raga da kokawa da manyan taruka. Da aka dasa shi a Legas, garin zafi da laima da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sai ya zama ran ginin gaba ɗaya yana hannun wutar lantarki. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, babu tagar da za a buɗe iska ta ratsa. In famfon zuƙe ruwa ya tsaya, fadama ta tuna cewa wurinta ne. Kuma zaure mai mutum 5,000 ya dace da makaɗi mai lasifika, amma ɗan wasan kwaikwayo da ke magana da ido da fuska, wanda ke layin baya ba abin da zai gani sai motsi. A ganina nan ne aka fara kuskure, tun kafin a aza tubali: an yi tunanin ranar biki, ba a yi tunanin sauran ranakun shekara ba.

Abin da ya mayar da ginin namu shi ne aikin hannun 'yan ƙasa. Masu zane da sassaƙa na Najeriya ne suka ƙawata bango da mashigai, kuma sunan da ya fi fitowa shi ne Erhabor Emokpae, mutumin Benin. Tambarin bikin ma daga Benin ya fito: fuskar Sarauniya Idia ta hauren giwa, wadda sojojin Ingila suka kwashe tare da sauran kayan fada a 1897. Najeriya ta nemi gidan tarihin Birtaniya ya ba da aronta, aron kayanta, aka hana. Dole aka sa gwani ya sassaƙa wata. Wannan ciwo har yau bai warke ba.

Gowon bai ga buɗe ginin yana kan mulki ba. An hamɓarar da shi a Yulin 1975, Janar Murtala Muhammed ya hau ya ɗage bikin, shi kuma aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Janar Olusegun Obasanjo ne ya buɗe gidan a 1976, sannan daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, aka yi bikin al'adun na biyu, wanda ake kira FESTAC. Mahalarta wajen 16,000 suka zo daga ƙasashe 56. Aka gina unguwa sukutum, wadda har yau ake kira Festac, domin saukar baƙi. Miriam Makeba ta zo, Stevie Wonder ya zo daga Amurka, Gilberto Gil daga Brazil, Bembeya Jazz daga Gini, Franco da ƙungiyarsa daga Zayar. Da rana malamai suna muhawara a Iganmu kan ilimi da harshe da tarihin baƙar fata, da dare a koma kiɗa da rawa. Fela Kuti kuwa ya ƙaurace, ya ce ɓarnar dukiya ce da farfagandar soja, ya ci gaba da kiɗansa a nasa gidan rawa, manyan baƙin bikin suna sulalewa suna zuwa wurinsa. Kwana shida da rufe biki, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji suka afka wa gidansa suka ƙone shi.

Rabon Arewa a bikin bai shiga ƙarƙashin wannan rufi ba, kuma ba zai shiga ba. Babban hawan daba aka yi a Kaduna, sarakuna suka fito da dawaki da raƙuma da 'yan lifida da masu kakaki da algaita, aka gina otal ɗin Durbar domin baƙi. Wasanmu na asali ba na ɗaki ba ne. Ƙofar fada, dandali, filin dambe, bakin kasuwa, tashe a cikin azumi: mai kallo yana kewaye da mai wasa, yana amshi, yana liƙi, in abin ya yi daɗi ya faɗa fage. Kalmar da Turawa ke kiran irin ginin Iganmu ma da ta shigo bakinmu ta zama tiyata, ɗakin fiɗa na asibiti muka ba ta, domin ba mu da buƙatarta a wajen wasa.

Akwai wani gini da nake son a riƙa ambata duk lokacin da aka ambaci na Iganmu, domin sa'o'in juna ne. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin nan, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wani matashin magini Ba'amurke, Steven Ehrlich, tare da malaman sashen wasan kwaikwayo, ya tsara gidan wasa na ƙasa zalla. Magina na gargajiya suka ɗora shi da tubali da laka: ɗakuna zagayayyu kamar na gidan Bahaushe, katanga ta haɗa su, tsakar gida a buɗe tana kallon sama. Ana iya yin wasa a tsakiya 'yan kallo su kewaye, ana iya yi a bakin ɗaki ɗaya, ana iya yawo da 'yan kallo daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ba ya jiran janareto kafin a numfasa a cikinsa. In damina ta ci bango, yaɓe ne maganinsa, kuma masu yaɓen suna nan cikin gari. Ban ce a gina wa Legas gidan laka mai cin mutum 5,000 ba. Amma wanda ya zana na Samaru ya fara tambayar yadda mutanen wurin suke kallon wasa, na Iganmu kuwa ba a yi wannan tambaya ba.

Duk da haka ginin ya yi rayuwa bayan biki, kuma ba daga inda aka zata ba. Masu wasan Yarbawa da suka saba yawo gari-gari da mota, irin su Hubert Ogunde da Moses Olaiya da ake kira Baba Sala da Ade Love, sun koma yin fim, kuma ɗakunan silima na Iganmu suka zama kasuwarsu. Ranakun sallah da kirsimeti layi har waje. Ogunde ɗin ne kuma aka damƙa wa kafa ƙungiyar wasa ta ƙasa kafin rasuwarsa a 1990. A harabar gidan, ƙarƙashin itatuwa, akwai inda 'yan wasa da makaɗa da marubuta ke zama ana hira ana neman aiki, suna kiransa Abe Igi, wato gindin bishiya da Yarbanci. Mutane da yawa za su ce maka wasannin da aka ƙulla a gindin bishiyar nan sun fi waɗanda aka ƙulla a ofisoshin ciki.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, kayan gyaran da sai an sayo daga waje suka gagara. A Disambar 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja, ido ya bar kan Legas. Sai kuma kaset ɗin bidiyo ya shigo, kowa ya zauna a falonsa yana kallo. Rufi ya fara yoyo, sanyi ya ɗauke, banɗakuna suka toshe, aka rufe babban zauren tun cikin shekarun 1990, ya yi shekaru fiye da ashirin ba a taka rawa a cikinsa ba. Da Obasanjo ya dawo a farar hula, gwamnatinsa ta yi yunƙurin sayar da gidan ko ba da shi jingina ga 'yan kasuwa. 'Yan wasa da marubuta suka yi ca, Soyinka na cikinsu, aka fasa. Amma hana sayarwa bai toshe yoyon rufi ba.

A Yulin 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta miƙa ginin ga Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna domin su gyara. Aikin ya ɗauki shekaru fiye da yadda aka yi alkawari, kuma Babban Bankin ya ce ya ci naira biliyan 68. An gyara rufi, an sauya kujeru da wayoyin wuta da na'urorin sanyi da na sauti, an bar siffar waje yadda take, wanda a ganina daidai ne, domin hular nan ta riga ta zama fuskar Legas. A Yulin 2024, lokacin da Soyinka ya cika shekara 90, Shugaba Bola Tinubu ya sa wa gidan sunansa. Shi kansa mai sunan, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, ya faɗa a wurin buɗewa cewa da zuciya biyu ya karɓa, tunda ya daɗe yana sukar masu liƙa sunayensu a kan kayan jama'a.

Abin da ke damuna yanzu ba fenti ba ne. Ginin da bankuna suka zuba wa biliyoyi za a so ya mayar da kuɗi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa ba da hayarsa ga masu bikin aure da tarukan kamfanoni, kuɗin haya ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar wasa. Gida ne na ƙasa, ba na Legas kaɗai ba. Ina son in ga ranar da za a sa masu kalangu da kukuma da 'yan koroso a jadawalinsa na shekara, ba sai ranar da aka yi baƙo daga waje ana neman abin nuna masa ba. 'Yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Mile 12 sun isa su cika kujeru masu yawa, kuma tun 2023 jirgin ƙasa na cikin gari da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 yana da tasha a bakin gidan.

Otal ɗin Durbar na Kaduna, ɗan'uwan ginin Iganmu da aka haifa domin biki ɗaya, bai samu masu ceto ba. Ya yi shekaru a yashe ana shari'a a kansa, aka rushe shi a farkon 2020, watanni kaɗan kafin a miƙa na Legas ga bankuna. Gidan laka na Samaru kuwa yana nan, ɗalibai suna gwajin wasa a tsakar gidansa.