Katin shaidar ilimin kiyaye haɗari a jirgin ruwa

Katin shaidar ilimin kiyaye haɗari a jirgin ruwa wani ɗan kati ne, girmansa bai wuce na katin banki ba, wanda mafi yawan jihohin Amurka da kuma ƙasar Kanada ke buƙatar gani a hannun mai tuƙa ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa mai inji. Yana nuna cewa mai shi ya yi kwas ɗin da hukuma ta amince da shi kan dokokin tafiya a ruwa da hanyoyin tsira, ya kuma ci jarrabawa. A da, a aji ake zama a yi wannan karatu, sau da yawa a hannun 'yan sa-kai. Yanzu da yawa ta intanet suke yinsa, a kwamfuta ko a waya, daga gida.

Jama'a kan kira shi lasisin jirgi, amma a dokance ya bambanta da lasisin mota. A yawancin wurare sau ɗaya ake samunsa a rayuwa, ba ya ƙarewa, ba a sabunta shi, kuma babu gwajin tuƙi a gaban jami'i. Jihar Alabama na cikin waɗanda suka fita daban, domin ita lasisi take bayarwa, ana sa harafin V a jikin lasisin tuƙin mota na wanda ya cancanta.

Jiragen da ake magana a kansu nan su ne na masu fita kamun kifi don nishaɗi, da na iyalai masu yawo a tafki a ranar hutu, da babur ɗin ruwa irin Jet Ski. Wanda zai ɗauki fasinja don kuɗi, wannan kati bai ishe shi ba. Shi sai ya samu lasisin rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka, wanda nau'insa da aka saba nema ke buƙatar shaidar kwana 360 na aiki a kan ruwa.

Asali

A 1971 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tarayya kan kiyaye haɗari a ƙananan jiragen ruwa, wadda ta ba rundunar tsaron gaɓar teku ikon tsara ƙa'idojin ƙera jirage da kayan tsira da dole a ɗauka. Batun ilimin matuƙi kuwa a hannun jihohi ya zauna. Daga nan ne aka samu bambancin da ake gani har yau: kowace jiha da nata shekarun, da nata ƙarfin injin, da nata tarar.

Abin da ya hana lamarin watsewa shi ne ƙungiyar NASBLA, wadda ta haɗa jami'an da ke kula da dokokin jiragen ruwa na jihohi. An kafa ta a 1960, ofishinta na birnin Lexington a jihar Kentucky. Ita ce ke fitar da ma'aunin abin da dole kwas ya ƙunsa, ita ke duba kwasa-kwasai ta amince da su. Saboda haka ne katin da aka samu a wata jiha kan yi aiki a yawancin sauran jihohi idan mai shi ya je baƙunci.

Tun kafin a wajabta karatun, akwai masu koyar da shi kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ƙungiyar United States Power Squadrons ta fara a 1914, reshen 'yan sa-kai na rundunar tsaron gaɓar teku kuma a 1939. Har yanzu suna koyarwa a aji.

Wa doka ta hau kansa

Jihohi da dama ranar haihuwa suka kafa a matsayin iyaka, ta yadda tsofaffin matuƙa za su kuɓuta, masu tasowa kuma su shiga. A Maryland dokar ta shafi waɗanda aka haifa daga 1 ga Yuli 1972. A Florida, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1988 kuma zai tuƙa jirgi mai injin ƙarfin doki 10 zuwa sama, dole ya riƙe katin tare da shaida mai hoto; hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ce ke bayar da shi. A Texas iyakar 1 ga Satumba 1993 ce, kuma ta shafi injin da ya haura ƙarfin doki 15, da babur ɗin ruwa, da jirgin iska, wato jirgin ruwan da iska ke turawa ta jikin ƙyalle, idan tsawonsa ya wuce ƙafa 14.

Wasu jihohin sun ga babu dalilin ware tsofaffi, tunda ruwa bai san shekaru ba, sai suka shigo da kowa sannu a hankali. Kalifoniya ta fara a 1 ga Janairu 2018 da 'yan shekara 20 zuwa ƙasa, tana ƙara shekarun kowace shekara har ta kai ga kowa a 1 ga Janairu 2025. New York ma a wannan rana ta kammala nata, ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a 2019, wadda ake kira dokar Brianna. Sunan wata yarinya ce 'yar shekara 11 da ta rasu a 2005 lokacin da wani jirgi ya afka wa na iyayenta a ruwan Long Island, mahaifiyarta kuma ta shafe shekaru tana fafutuka kafin dokar ta tabbata. Akwai kuma jihohi irin su Alaska da ba su wajabta karatun ba sam.

Kanada ta bi hanya ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Ta ƙirƙiro katinta a 1999, daga 15 ga Satumba 2009 kuma ya zama dole ga duk mai tuƙa jirgin shaƙatawa mai inji, komai shekarunsa, komai ƙanƙantar injin, ban da yankunan Nunavut da Northwest Territories. Jarrabawar tambaya 50 ce, ana ci da kashi 75 cikin ɗari.

Yadda kwas ɗin intanet yake

Mutum zai fara zaɓar jiharsa, domin kowane kwas yana da sashen dokokin jihar da aka yi shi dominta. Kamfanoni irin su Boat-Ed da BOATERexam suna sayar da nasu a kan 'yan gomomin daloli. Gidauniyar BoatUS tana bayar da nata kyauta, jihohi da yawa kuma sun karɓe shi. Wajibi ne a duba shafin hukumar jihar kafin a biya ko sisi, saboda kwas ɗin da jiha ba ta amince da shi ba, takardarsa ba ta da amfani a gaban jami'in sintiri.

An raba karatun babi-babi, da hotuna da gajerun bidiyo, a ƙarshen kowane babi akwai 'yan tambayoyi. Wasu kwasa-kwasan suna da agogo a kowane shafi, ba za a iya tsallakewa gaba ba sai lokacin ya cika. A Kanada doka ta sa kada karatun intanet ya gaza awa uku. Ana iya tsayawa a dawo gobe a ci gaba daga inda aka bari. Jarrabawar ƙarshe ta zaɓi-ka-cika ce, a jihohi da yawa ana neman kashi 80. Wanda ya ci zai buga takardar wucin gadi nan take, katin roba kuma ya biyo baya ta gidan waya. A Kalifoniya ana biyan dala 10 ga hukumar jiha kafin a ba da katin.

Abin da ake koya

Nan ne ƙimar katin take. Ruwa ba shi da layin fenti ko danja, amma yana da dokokin hanya, kuma wanda bai karanta ba ba zai taɓa cankarsu ba. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna, kowanne zai karkata damansa. Idan hanyoyinsu za su gitta, wanda ke ganin ɗan'uwansa ta hannun dama shi zai kauce. Mai wucewa daga baya shi ke da alhakin ba da tazara. Mai inji, a mafi yawan lokuta, shi ke kauce wa jirgin iska. Da dare fitilu ne ke magana: ja a gefen hagu, kore a gefen dama, fari a baya, don haka matuƙin da ya hango ja da kore tare ya san jirgi na tahowa kansa kai tsaye. Busa ƙaho gajere sau biyar alama ce ta haɗari ko ta rashin fahimtar nufin ɗaya jirgin.

Alamomin da ke yawo a kan ruwa don nuna hanya su ma suna da ƙa'ida. A Amurka da Kanada, mai dawowa daga teku zuwa tasha yana barin jar alama a damansa. Wannan tsarin nahiyar Amurka ne da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin. A Afirka da Turai akasin haka ne, ja a hagu take ga mai shigowa. Wanda ya yi karatunsa a Texas sannan ya kama sitiyari a mashigar Legas, wannan darasi ɗaya sai ya juya shi.

Kaso mai yawa na kwas ɗin a kan rigar kariya daga nutsewa yake, kuma alƙaluma sun nuna dalili. Rahoton rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka na 2023 ya ƙirga mutum 564 da suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa. Inda aka san sanadin mutuwar, kashi 75 nutsewa suka yi, kuma kashi 87 na waɗanda suka nutse ba sa sanye da rigar. Dokar tarayya ta ce kowane mutum a jirgi a tanadar masa riga daidai jikinsa, yaran da ba su kai shekara 13 ba kuma su sa tasu muddin jirgi na tafiya, sai inda jiha ta kafa nata shekarun. Jirgin da ya kai ƙafa 16 sai ya ƙara da abin ceto da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa. Abin takaici a nan shi ne rigunan kan kasance a cikin jirgin, an cusa su ƙarƙashin kujera, alhali kifewa ba ta ba mutum lokacin lalube.

Ana kuma bayani kan ruwan sanyi, wanda ke kashe ko gwanin iyo. A mintin farko numfashi kan ƙwace wa mutum, cikin kamar minti goma hannuwa da ƙafafu su daina yi masa biyayya, tun kafin sanyin ya kai ga gusar da hankalinsa. Mai riga yana iya jiran ceto, marar riga kuwa da wuya.

Giya ita ce kan gaba cikin sanannun dalilan haɗarin da ke jawo mutuwa, shekara da shekaru. Iyakar da dokar tarayya ta sa ita ce 0.08 cikin ɗari a jini, daidai da ta mota a kusan duk jihohi. Sai iskar kabon monoksaid da ke fita daga salansar inji, ba ta da launi ba ta da wari, tana taruwa a bayan jirgi inda yara ke son wasa. Sai igiyar kashe inji, wadda matuƙi ke maƙalawa a jikinsa: idan ya faɗa ruwa sai injin ya mutu, maimakon jirgin ya riƙa kewayawa da farfela a kansa. Daga 1 ga Afrilu 2021 amfani da ita ya zama dole a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Sauran darussan sun haɗa da karanta farantin da ke nuna iyakar nauyi da yawan mutane, sakin anga ta gaban jirgi ba ta baya ba, kiran neman agaji a tasha ta 16 ta rediyon sadarwar jiragen ruwa na VHF, gaya wa wani a gida inda za a je da lokacin dawowa, da wanke jirgi a busar da shi kafin a kai shi wani tafki don kada a kwashi ƙananan halittun ruwa masu ɓarna.

Muhawara

Masu goyon bayan wajabta karatun suna kafa hujja da wancan rahoto na 2023: inda aka san tarihin matuƙin, kashi 75 na mace-macen sun auku ne a jiragen da matuƙinsu bai taɓa samun wannan horo ba. Hujja ce mai ƙarfi, ko da yake mai bin karatu da kansa dama yakan zama mai taka-tsantsan.

Sukar da ake yi wa kwas ɗin intanet ma tana da tushe. Mutum na iya samun katin bai taɓa taka jirgi ba. A yawancin kwasa-kwasan babu mai tsaron jarrabawa, ba a iya tabbatar da wanda ke zaune gaban allon. Masu hayar jirgi, waɗanda su ne suka fi ƙarancin sabo, a jihohi da dama ana sassauta musu da ɗan taƙaitaccen bayani ko takardar wucin gadi a wurin haya. Kuma akwai abin da allo ba ya koyarwa. Jirgi ba shi da birki, bayansa ne ke juyawa idan an karya sitiyari, iska da igiyar ruwa na tura shi gefe yayin da ake ƙoƙarin tsayawa a bakin tasha. Yawancin baburan ruwa ma, da zarar an saki totur, sitiyarin ya rage tasiri ko ya daina aiki, sai sabon matuƙi da ya tsorata ya saki totur ɗin ya tafi kai tsaye kan abin da yake gudu. Don cike wannan giɓi ne Power Squadrons da gidauniyar BoatUS da wasu makarantu ke shirya horo na 'yan sa'o'i a kan ruwa tare da malami a cikin jirgin, wanda ake biya daban, kuma ba ya cikin sharuɗɗan samun katin.