Na'urar Amon Gwaji ta Hannu

Na'urar amon gwaji ƙaramar na'ura ce da masu haɗa kayan sauti a mota ke gwada sifika da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wayoyinsu da ita. Ba ta fi tafin hannu ba, kuma yawancinsu batir mai bolt 9 suke ci. Aikinta shi ne fitar da amo guda tsayayye, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Waƙa ba ta aunuwa, don ƙarfinta na canzawa kowane lokaci. Amon da aka san adadinsa kuwa, duk canjin da ya same shi a hanya, daga kayan motar ne.

Ana auna kauri ko sirantar amo da Hertz, a taƙaice Hz, wato sau nawa sauti ke kaɗawa cikin daƙiƙa ɗaya. Sunan masanin kimiyyar nan ne na Jamus, Heinrich Hertz. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin daga Hz 20 zuwa 20,000.

Asali

Irin wannan na'ura ce kaya na farko da kamfanin Hewlett-Packard ya fara sayarwa a 1939 a Palo Alto ta Amurka, mai lamba HP 200A, wadda William Hewlett ya ƙera. Waccan ta ɗorawa kan tebur ce. Sai da taranzista ta maye gurbin kwalaben lantarki aka samu ta sakawa a aljihu.

Amfaninta

Aikin da aka fi nemanta dominsa shi ne gano waya. Idan aka cire tsohon rediyo aka tarar an yanke soket, wayoyi takwas na sifiku huɗu sun cakuɗe, sai a maƙala bakin na'urar a waya biyu a saurari ƙofar da amon zai fito. Wasu na'urorin suna kuma aika bugu ɗaiɗai don a ga inda takardar sifika ke motsawa, waje ko ciki. Wannan gwaji ba abin rainawa ba ne: in aka juya wayar sifika ɗaya, tana turawa ɗayar na ja, sai kaurin sauti ya ɓace, mai mota ya yi ta zargin kayan da lafiyarsu ƙalau.

Sai daidaita amfilifaya, inda aka fi yin ɓarna. Da yawa suna ɗaukar maɓallin shigar sauti na amfilifaya tamkar na ƙara murya, su murɗa shi har ƙarshe. Idan aka nemi abin da ya fi ƙarfinta, sai ta datse kan igiyar sautin, wayar cikin sifika ta yi zafi har ta ƙone. Hanyar da ta dace ita ce a cire sifikun, a kashe duk wani ƙarin kauri, a kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, a shigar da amon ta rediyon. Ana amfani da Hz 50 ko 60 ga babbar sifikar kauri, Hz 1,000 kuma ga sauran. Lissafin bolt ɗin da ake nema ba wuya: a ninka wat na amfilifaya da om na sifika (ma'aunin turjiyarta ga wuta), a nemo tushen murabba'in amsar, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da amsar. Amfilifaya mai wat 100 a kan sifika mai om 4 ta ba da 400, tushensa 20. Sai a ɗora mitar awon wuta a bakin fita, a murɗa a hankali har ta nuna bolt 20, a tsaya nan. Mita dai ba ta nuna datsewar igiya. Osiloskof, na'urar da ke zana siffar igiyar a kan allo, ne ke nuna wannan ƙuru-ƙuru.

Ana kuma jan amon sannu a hankali daga Hz 20 zuwa 200 don kama marfin ƙofa ko lambar mota da ke karkarwa.

Abin dubawa wajen saye

Wadda amo ɗaya kawai take fitarwa ta isa gano waya, amma ba ta isa daidaita amfilifaya ba. A nemi wadda ake iya sauya mata adadin Hz, mai maɓallin rage ƙarfi, mai bakin RCA (fulogin da ake shigar da sauti cikin amfilifaya da shi) da kuma ƴan maƙalai na kama waya. Kada a rikita ta da na'urar bin sawun wayar tarho ko ta intanet, wadda amonta rawa yake yi, ba ya tsayawa a auna shi.

Manhajojin wayar salula suna fitar da amo mai kyau, sai dai ƙarfinsu kaɗan ne, ba sa iya motsa sifika kai tsaye yadda ya kamata, kuma kiran waya ko saƙo na iya faɗowa tsakiyar gwaji. Ko da wacce aka yi aiki, a fara da ƙaramin ƙarfi, kuma kada a tura amo mai kauri cikin ƴar ƙaramar sifikar siririn sauti, don yana iya lalata ta.